Yadda ake raba injuna da kayan da ake ƙerawa rumfa-rumfa a shagon ƙira

Tambaya: Wani matashi ne ya rubuto daga wani ƙauye tsakanin Ringim da Gujungu. Mahaifinsa ya manyanta, ya sakar masa ragamar shagonsu na ƙira, inda suke yin garmar shanu da amalanke da baro da injin casa. Suna da injin walda uku, injin huda ɗaya, injin sassaƙar ƙarfe ɗaya, zarton ƙarfe, almakashin yankan fallen ƙarfe da injin lanƙwasa, ga ma'aikata goma sha biyu har da yara masu koyo. Sun gina sabon shago mai faɗi za su kwashe su koma. Ya ce a kwalejin fasaha an koya musu tsarin nan na raba injuna ƙungiya-ƙungiya, kowace ƙungiya da kayan da take yi, amma lissafin ya shige masa duhu. Shawarar da ya yanke ita ce ya ware kusurwar garma, kusurwar amalanke, kusurwar injin casa. Haka ake yi? In ba haka ba, ta yaya ake gane injin da ya kamata ya zauna kusa da wane?

Amsa: Ƙanena, Allah ya ƙara wa Baba lafiya, kai kuma ya taya ka riƙo. Kafin ka sa a ɗaga ko da injin guda, dakata tukuna. Wannan aiki a kan takarda ake fara shi, kuma rabon da ka yi niyya, na garma can, amalanke can, shi ne abin da ke fara zuwa wa kowa a rai, amma a shago irin naku ba zai ɗore ba.

Ga dalili. Garma kasuwarta daga bazara ce zuwa farkon damina. Da an gama huɗa shi ke nan, sai baɗi. Amalanke sai kaka, in amfanin gona ya zo gida kuɗi sun shiga hannun manoma. Injin casa shi ma kaka, sai kuma ƙarshen rani in 'yan fadamar Haɗeja sun fara yankan shinkafa. To in ka keɓe wa garma kusurwarta da injunanta, wata takwas za su yi suna shan ƙura. Na biyu, kowace kusurwa za ta nemi huda, biyu daga cikinsu za su nemi sassaƙa, kai kuwa ɗaya-ɗaya gare ka. Ina za ka kai su?

Abin da ake rabawa ba garma ba ne ko amalanke. Gutsattsarin da ake harhaɗa su da su ake rabawa. Fiffiken garma da mazubin injin casa da kwanon baro, a idon mai saye ba abin da ya haɗa su. A idon inji kuwa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya: falle ne aka yanka aka lanƙwasa. Haka shaf ɗin injin casa, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a cikinsa, da sandar da ƙafafun amalanke ke juyawa a kanta: rodi ne aka datse aka sassaƙe. Irin waɗannan su muke kira dangi. Injunan da dangi ɗaya ke bi, in aka tara su wuri guda aka ba su mutanensu, shi ne abin da littattafanku suka kira sel. Ni rumfa nake ce masa in ina magana da masu shago, don sun fi saurin kamawa. Rumfar falle da bazara tana yanka fiffiken garma, da kaka tana lanƙwasa mazubi, tsakanin nan tana buga kwanon baro. Ba ranar da za ta zauna.

Tsarin da kuke kai yanzu, ko ban gani ba na san shi, don shi ne a kusan kowane shago: masu walda a gefe guda, injuna masu tsada a ɗaki mai ƙofa, yanka a waje. Tsarin kasuwa ke nan, layin 'yan hatsi daban, layin 'yan gwari daban, mahauta can ƙarshe. Yana da kyau ga mai kasa kaya, amma wanda aka aika cefanen tukunya ɗaya sai ya zaga kasuwar kaf. Rumfar da nake nufi kuwa teburin mai shayi ce. Ruwan zafi, madara, burodi, ƙwai, kasko, duk inda ya miƙa hannu suna nan, abin da aka nema ya fito a tsaye.

Shekarun baya wani mai shago a wajen Kura ya kira ni, wai yaransa ragwaye ne, injin casa ɗaya sai ya ci mako biyu. Ban ce masa komai ba. Na nemi jan ƙyalle na ɗaura a jikin falle ɗaya da za a yi mazubi da shi, na sami benci na zauna. Aka yanka shi da hantsi, aka jingine a bango, don mai lanƙwasa yana kan wani aikin. Washegari aka lanƙwasa, yara biyu suka ɗauka suka ratsa tsakar shagon suka kai wa masu walda, su kuma akwai ƙofofi shida a gabansu. Aka fitar da shi gindin darbejiya. A rana ta uku da na zo, akuya na tarar kwance a kansa tana tuƙa. Da aka yi waldar sai aka ga an manta ramukan kusoshi, aka sake komawa da shi ɗakin injuna. Na ƙirga sau goma sha ɗaya ana ɗaga shi ana ajiyewa. Aikin hannu da aka yi a jikinsa duka bai cika awa biyu ba, amma sai rana ta huɗu ya fita. Ba wanda ya yi lalaci a cikinsu, kowa gumi yake. Ƙarfen ne ke yawo yana jiran layi. Wannan yawon da wannan jiran su ake so a kashe, ba wani abu ba.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani injiniya ɗan Tarayyar Sobiyet, Mitrofanov, shi ya tsara ta a matsayin ilimi a Leningrad cikin shekarun 1950, ya nuna in aka tara kayan da suka yi kama aka yi su a jere, lokacin da ake ɓatawa wajen sake saita inji yana raguwa ƙwarai. A Jamus, Opitz na jami'ar Aachen ya fito da hanyar ba kowane gutsure lamba mai alƙaluma tara, biyar na farko suna faɗin siffarsa, huɗun ƙarshe girmansa da irin ƙarfensa da yadda ya zo da kuma daidaiton da ake bukata. Wannan na masana'antar da ke da kaya dubbai ne, kada ka wahalar da kanka da shi. Wanda zai yi maka amfani shi ne Burbidge na Ingila, wanda tun shekarun 1960 ya ce a daina kallon siffa, a bi sawun hanyar da kowane gutsure ke bi daga inji zuwa inji. A ganinsa dangogin nan suna nan a cikin shago tun asali, ganowa kawai ake yi. Na gwada wannan a wurare da dama, ban taɓa ganin ya ƙaryata ba.

Saboda haka aikinka na farko shi ne ka sayi littafi mai layi. Ka warware kowane abin da kuke ƙerawa gutsure-gutsure, ka rubuta injunan da kowanne ke bi, bi da bi. Kada ka zauna a ɗaki ka rubuta daga ka. Je ka tsaya a kan masu aikin, don abin da ake yi daban yake da abin da ake cewa ana yi. Sau da yawa za ka tarar ana kai abu wani inji ba don dole ba, sai don wancan mutumin ne ya saba yin sa tun zamanin Baba. Ka tambayi tsofaffin ma'aikatan cikin ladabi, su ne kundin shagon. Abin da kuke saye a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ku ɗaura kai tsaye, irin su boris da noti da bel da taya, bar su, ba sa cikin lissafi.

Bari in ɗauki gutsure shida daga kayanku in nuna maka, kai kuma ka faɗaɗa. Mazubi yana bin almakashi, lanƙwasa, walda. Shaf yana bin zarto da sassaƙa. Fiffiken garma yana bin almakashi, lanƙwasa, huda. Fuli, wato gargaren da bel ke hawa, in an sayo shi zubabbe, sassaƙa da huda. Kwanon baro almakashi, lanƙwasa, walda. Sandar amalanke zarto, sassaƙa, huda. Wataƙila naku ya ɗan saɓa, misali ne.

Zana jadawali. Injuna a jere daga sama zuwa ƙasa, kaya a jere daga hagu zuwa dama yadda na lissafa su. Inda gutsure ke bin inji sa 1, inda ba ya bi sa 0. Da farko za ka ga ɗaya-ɗayan a warwatse kamar an watsa wa kaji tsaba. Abin da ake so shi ne a yi ta musanya layuka har su dunƙule. Da kaya shida ido ma zai iya. Da kaya sittin ido ba zai iya ba, shi ya sa John King na Landan ya fito da wata hanya a 1980, wadda ina jin ita ce ta rikita ku a makaranta, alhali ba komai a cikinta sai tarawa.

Ga yadda take. Ba kowane gutsure nauyi, kana ninkawa daga dama zuwa hagu: na ƙarshe 1, na gabansa 2, sai 4, 8, 16, 32. Wato mazubi 32, shaf 16, fiffike 8, fuli 4, kwanon baro 2, sanda 1. Kowane inji sai ka tara nauyin kayan da ke bin sa. Almakashi yana da mazubi da fiffike da kwano, 32 da 8 da 2, ya tashi 42. Lanƙwasa shi ma 42. Walda 34. Sassaƙa 21. Zarto 17. Huda 13. Sai ka sake jera injunan daga mai yawa zuwa mai kaɗan. Yanzu juya abin: injunan ne za ka ba nauyi, na sama 32 har zuwa na ƙasa 1, ka tara wa kowane gutsure nasa. Mazubi 56, kwanon baro 56, fiffike 49, sanda 7, shaf 6, fuli 5. Jera kayan su ma daga mai yawa zuwa mai kaɗan. Ka koma kan injuna da sabon jerin, ka dawo kan kaya, haka haka har ka ga ba abin da ke sauya wuri. A misalinmu zagaye na biyu zai ɗaga huda sama da sassaƙa, ya sa fuli gaban shaf, daga nan komai ya tsaya. In jerin kaya ya zama mazubi, kwano, fiffike, sanda, fuli, shaf, ga abin da za ka gani:

almakashi 1 1 1 0 0 0
lanƙwasa 1 1 1 0 0 0
walda 1 1 0 0 0 0
huda 0 0 1 1 1 0
sassaƙa 0 0 0 1 1 1
zarto 0 0 0 1 0 1

Ka gani? Dunƙule biyu sun fito da kansu. Sama ta hagu rumfar falle: almakashi, lanƙwasa, walda. Ƙasa ta dama rumfar rodi: huda, sassaƙa, zarto. In kana da kwamfuta, Excel zai yi maka wannan tarawar da jerawar cikin minti kaɗan. In babu, yanka kwali ƙanana, kowane gutsure da katinsa, ka baje a tabarma kana matsarwa. Ni da kati na fi so, don ma'aikata sukan zagaye ka suna sa baki, kuma bakin nasu yana da amfani.

Akwai wata hanyar ta auna kusancin inji biyu, wadda McAuley ya shigo da ita wannan fanni a 1972. Asalinta ma ba ta injiniyoyi ba ce, wani masanin tsirrai ne ɗan Suwizalan, Jaccard, ya ƙirƙiro ta don kwatanta ciyayin da ke fitowa a wurare biyu. Ka ƙirga kayan da ke bin injunan biyu duka, ka raba da yawan kayan da ke bin ko da ɗaya daga cikinsu. Almakashi da lanƙwasa uku bisa uku, wato 1, Hassan da Hussaini ke nan, ba a raba su. Sassaƙa da zarto biyu bisa uku. Huda da sassaƙa biyu bisa huɗu. Huda da almakashi ɗaya bisa biyar kacal. Ka ga huda ta fi kusa da 'yan rodi nesa ba kusa ba. Amfanin wannan hanyar shi ne in jadawalin ya ƙi dunƙulewa sarai, tana gaya maka wanda ya fi cancanta ya zauna da wani. Hanyar King tana da rauni guda da ya kamata ka sani: sakamakonta yakan danganta da yadda ka fara jera kayan, don haka in abin ya fito a hargitse, sauya jerin farko ka sake.

Yanzu koma kan jadawalin ka dubi layin huda. Akwai 1 guda da ya fita daga dunƙulensa: fiffiken garma ɗan rumfar falle ne, amma sai ya je rumfar rodi an huda shi. A nan ainihin aikin yake. Lissafin da ya gabata yaro ɗan sakandare zai yi shi. Abin da za a yi da wannan bare, shi ne ke bukatar mai shago.

Hanyoyin ba su da yawa. Ko ka bar shi ya riƙa zuwa ana huda shi yana dawowa, ko ka dasa injin huda a kan iyakar rumfunan biyu kowa ya miƙo hannu, ko ka sayi ƙaramin injin huda na biyu ka ba rumfar falle, ko ka sauya yadda ake yin ramin, a riƙa fasa shi da ƙarfen fasa rami tun a wurin yanka in kaurin fallen ya ba da dama. Wacce za ka ɗauka? Jadawalin ba zai gaya maka ba, don 1 ɗin da ke ciki bai san yawa ba. Gutsuren da kuke yi sau biyar a shekara 1 ne, wanda kuke yi ɗari biyar shi ma 1 ne. Fiffiken garma kuwa da bazara ɗaruruwa kuke yi, kowace garma biyu, kowanne da ramukansa. A lokacin nan in ka bar huda ɗaya, mai sassaƙa zai tsaya da fuli a hannu yana jiran a gama fiffike. Ni a wurinka injin huda na biyun zan saya. Injin huda na kan benci yana cikin mafi arha a shagon, ba a tsayar da aikin injin mai tsada saboda rowar mai arha. Ka riƙe wannan a ko'ina: mai arha a ninka shi, mai tsada a kewaye shi da aikinsa. Walda kuna da uku, to kada su sake zama wuri ɗaya. Ɗaya rumfar falle, ɗaya rumfar da za ta fito in ka shigar da firam ɗin amalanke da na injin casa da ƙafafun baro cikin lissafi, don ina da yaƙinin dangi na uku zai bayyana, na fayif da ƙarfe mai kusurwa, masu bin zarto da huda da walda. Injin walda na ukun kuma wurin harhaɗawa.

Wannan dangi na uku zai jawo rigima a kan zarto, tunda 'yan rodi ma suna so. Kafin ka ce a sayi wani, yi lissafin awa. Kowane inji, ɗauki watan da aiki ya fi yawa, ka ninka yawan kowane gutsure da mintocin da yake ci, ka tara, ka gwada da awannin da injin ke samun wuta a watan. Ka lura, awannin wuta na ce, ba awannin buɗe shago ba. In janareta awa shida kuke kunnawa a rana, to ranar injin awa shida ce. Zarto yawanci za ka tarar ko rabin lokacinsa ba ya cikawa, sai ka ajiye shi a bakin ƙofar da ƙarfe ke shigowa, ya yanka wa rumfuna biyu da safe a tara musu. Ba laifi ba ne inji ɗaya ya yi wa rumfa biyu hidima. Littafi yana son kowace rumfa ta tsaya da ƙafarta ɗari bisa ɗari, amma littafi ba shi ke biyan kuɗin inji ba.

In kana son ka gwada rabo biyu ka ga wanda ya fi, akwai ma'aunin da Kumar da Chandrasekharan suka kawo a 1990. Ƙirga duk 1 da ke jadawalin, a namu 16. Cire waɗanda suka fita waje, guda 1, saura 15. Sannan ƙirga 0 da ke cikin dunƙulen, wato inda inji ke rumfa amma wani ɗan rumfar ba ya bin sa, a namu 3, ka tara da 16 ya zama 19. Sai ka raba 15 da 19, ya ba ka wajen kashi 79 cikin 100. Yana da amfani wajen kwatanta, amma kada ka mai da shi alƙibla. Na ga ɗalibai suna kwana a kan kwamfuta don su ɗaga wannan adadi da maki biyu, da dabarun lissafi masu nauyi waɗanda aka yi domin masana'antar da ke da injuna ɗari. Gaskiya ne in injuna da kaya suka yi yawa, hanyoyin rabon sukan yi yawan da ko kwamfuta ba ta iya gwada su duka, shi ya sa masu bincike ba su daina rubutu a kai ba. Kai da injuna takwas ba ka da wannan matsalar.

Akwai abubuwan da lissafi zai ce a haɗa, hankali ya ce a'a. Fenti da tina, ruwan da ake sirka fenti da shi, ba sa zama kusa da tartsatsin walda, ko jadawali ya ce 'yan gida ɗaya ne. Fenti ya koma bayan shago, inda iska ke wucewa. Injin goge walda kada ya kusanci injin sassaƙa, don ƙurar dutsen nan in ta sauka a kan titin da kan injin ke zamewa, ta haɗu da mai, ita ce ke cinye shi a hankali har ya daina yanka daidai, kuma gyaran wannan ba na ƙauye ba ne. In akwai maƙera ta gargajiya da zugazuganta, ita ma gefe. Sai maganar wuta. Moton lantarki in aka tayar da shi kai tsaye yakan ja ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ja in ya kama gudu, saboda haka kafin ka rarraba injuna ka kira mai wayarin ya duba kaurin waya da nisan kowace rumfa daga janareta, injin sassaƙa ya fi kowa kusa. Ƙasan da zai zauna kuma a zuba masa kankare mai kauri a daidaita shi da ma'aunin ruwa. Shi kaɗai ne ba a so a yi ta matsarwa, don haka shi za ka fara tsayar wa wuri, sauran su bi.

A cikin kowace rumfa, jera injunan yadda aikin ke tafiya, ba yadda suka fi kyan gani ba. Nan ne rubutun bi da bi da ka yi a littafi zai yi amfani, tunda jadawalin 0 da 1 bai san wanda ke gaba da wani ba. Kamfanin Toyota na Japan, zamanin Taiichi Ohno, ya shahara da jera injuna kamar kofaton doki, mashiga da mafita suna kusa, ma'aikaci yana tsakiya yana juyawa daga wannan zuwa wancan. Ga rumfar rodi wannan ya dace sosai. Ga rumfar falle ka bar fili, falle mai ƙafa huɗu da takwas ba ya juyuwa a lungu. Tsakanin inji da inji taku biyu ko uku ya isa. In ka bar fili da yawa, kaya ne za su taru a wurin, ka koma gidan jiya.

Riba ta biyu, wadda mutane ba su cika lura da ita ba, tana wurin saiti. In dangi ɗaya ne ke bin inji, ba a yawan kwance shi ana ɗaurawa. Kuma da ka baje katunan nan za ka ga abin kunya: shaf kala biyar, kowanne da kaurinsa, ba don wani dalili ba sai don rodin da aka samu a kasuwa ranar. Boris mai lamba 6205 raminsa milimita 25 ne, 6206 kuwa 30. Tsayar da shaf ɗinku a kan waɗannan biyun in aikin ya yarda, ramukan noti su ma kala biyu ko uku. Mai sassaƙa zai huta, ajiyar kayan gyara za ta ragu, manomin da injinsa ya lalace a gona zai sami boris a kasuwar Gujungu ba sai ya je Kano ba. Kowace rumfa kuma a yi mata mazaunin da ake ɗora aiki a kai a ɗaure, wanda zai karɓi 'yan dangin duka da ɗan matsar da kusa, a rataye shi a nan, ba a ɗakin oga ba.

Kada ka tura komai cikin rumfa. Aikin gyara ba shi da dangi. Ranar kasuwa wani zai zo da injin ban-ruwa a bayan babur, wani da ƙafar amalanke a karye, kowa yana so yanzu-yanzu, kuma ba ka isa ka kore su ba, mutanen Baba ne tun kafin a haife ka. In suka shiga rumfunan, tsarin ya watse. Ware musu benci a bakin ƙofa da ƙaramin injin walda da mutum ɗaya mai haƙuri da hannu. In gyaran ya bukaci sassaƙa, a sa masa lokaci, a ce bayan la'asar. In ma ka duba littafin ciniki ka ga gyara da aikin sau-ɗaya sun fi rabin abin da ke shigo muku, to gaskiya rumfa ɗaya ko biyu kawai za ka yi, sauran shagon ka bar shi yadda yake.

Abin da ya fi ba ni wahala a duk inda na yi wannan aiki mutane ne. A rumfa ana so mutum uku su iya aikin juna, mai yanka ya iya lanƙwasa, mai lanƙwasa ya iya ɗiga walda. Amma mai sassaƙa da ya shekara ashirin a kan injinsa, ɗakinsa daban, makullinsa a aljihu, ba zai ji daɗi ka fito da shi fili ka ce ya koya wa yaro ba. Yana ganin ana so a rage masa daraja ne. Kai kuma yaro ne a idonsa. Kada ka sanar da shi a gaban jama'a. Bi ta wurin Baba, a zauna da shi, a ba shi shugabancin rumfar rodi gaba ɗaya, da huda da zarto da yaran da ke ciki, ya zama girma aka ƙara masa. Biyan kuɗi ma sai ya sauya. In kana biyan mai yanka bisa yawan abin da ya yanka, zai tara maka tsibin falle da ba mai bukata. A biya rumfa bisa abin da ta kammala ya fita, su raba bisa matsayinsu.

Game da lokaci, ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka kwashe ana tsakiyar garma ko ana tsakiyar kaka. Tsakiyar damina, in an gama huɗa kowa yana gona, shago ya yi sanyi, nan ne lokacinka. Kafin ranar, shiga sabon shagon da toka ko farar ƙasa ka zana wurin kowane inji a ƙasa da ainihin girmansa, ka sa yara biyu su ɗauki cikakken falle su bi hanyar da ka zana daga ƙofa har wurin walda. Inda suka maƙale, goge ka sake. Fara da rumfar falle, don injunanta ba su da wuyar matsarwa, ku yi wata guda a kanta. Ranar da kuka fara, ɗaura jan ƙyalle a jikin mazubi ɗaya, ka rubuta lokacin da aka yanka shi da lokacin da ya isa wurin fenti. Amma ka yi irin wannan awon a tsohon shagon tun wannan makon, kafin a taɓa komai, don ka sami abin da za ka gwada da shi.